Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfaninmu na buga littattafai

Zuwa ga mai girma shugaban kamfani da 'yan majalisar gudanarwa,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Shekarata goma sha ɗaya ke nan a sashen tace rubutu na wannan kamfani. Da duba kurakurai a kwafin gwaji, wato shafukan da ake fitarwa a duba kafin a buga littafi, na fara, yau ni ce ke sa hannu na ƙarshe kafin littafi ya tafi wurin ɗab'i. Abin da zan faɗa a nan na faɗe shi a ofisoshinku sau uku, da baki, aka ba ni amsa da baki cewa za a duba. Shi ya sa yau na ɗauki alƙalami. Ban ambaci sunan kamfanin ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma na san abokan sana'a a wasu kamfanoni za su karanta su ce ai da su nake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A watan jiya mai tsara mana shafuka ya ajiye aiki bayan shekara takwas. Shekara uku yana roƙon a duba albashinsa ana ce masa kasuwa ba ta da kyau. Ranar da ya kawo takardar ɗaukar aiki daga wani wuri, kafin a tashi an kira shi an yi masa tayin ƙarin da ya fi abin da ya daɗe yana nema. Ya yi godiya, ya tafi. Na tambaye shi dalili, ya ce da ni abin da ya ƙona masa rai shi ne ya gane kuɗin suna nan tun da can. Mu da muka rage kuwa darasi ɗaya muka ɗauka, kuma mummunan darasi ne: a gidan nan, mai son a san darajarsa sai ya fara neman hanyar fita.

Ba kujera kaɗai ya bari ba. Ya tafi da sanin irin haruffan da ke ɗaukar ƙugiya ba tare da sun wargaje ba, da maɗaba'ar da injinta ke cin gefen shafi, da marubucin da ba a aika masa kwafin gwaji sai an kira shi tukuna an kwantar masa da hankali. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a wata takarda, a kansa suke. Littafin farko da aka tsara bayan tafiyarsa ya fito duk inda harafin ƙ yake sai ɗan akwati, dole aka sake buga ɓangarori biyu. Ku tambayi akanta nawa hakan ya ci, ku kwatanta da ƙarin da aka hana shi.

Ina so in ɗan tsaya a kan aikin nan namu, domin na lura da yawa daga cikinku ta sashen kuɗi ko na talla kuka hau, ba ku taɓa kwana da rubutun wani ba. Marubuci yana kawo labarinsa ko littafin darasinsa yana ganin ya gama. Edita zai karanta ya ce babi na huɗu ya kamata ya zo farko, wannan mutumin da ya mutu a shafi na sittin ga shi yana magana a shafi na casa'in, wannan shekarar ba ta yi daidai da wancan sarkin ba. Sai mai gyaran jimla ya bi layi-layi. Sai mai tsara shafi. Sai mai duba kwafin gwaji, wanda ƙugiya ɗaya in ta kuɓuce masa "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa", ma'ana ta juye. Sai mai zanen bango, sai mai nemo lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, sai mai bin maɗaba'a da waya, sai 'yan sito da ke ɗaukar katan-katan a kafaɗa, sai direba. Littafi ɗaya hannu fiye da goma ne ke taɓa shi, suna ɗaya ne ke bango. Ba mu yi wa marubuci hassada ba, haƙƙinsa ne. Matsalar aikinmu ita ce in ya yi kyau ba a ganinsa. Mai karatu ba ya tsayawa ya ce kai, shafi ɗari uku babu kuskure ko ɗaya. Sai ranar da kuskuren ya fito ake tuna akwai mu.

Duk wanda ya shigo wannan sana'a son littafi ne ya kawo shi, kuma kun san haka. A ganawar ɗaukar aiki abin da ake fara tambaya ke nan. Na zauna a irin wannan ganawa na ji an ce wa yarinya mai digiri mai kyau, "Kin san aikin nan ba don kuɗi ake yinsa ba," ta sunkuyar da kai ta ce haka ne, ta karɓi abin da aka ba ta ba tare da ta ce uffan ba. Na yi shiru a ranar, kuma har yau shirun yana damuna. Gaskiya ne muna son aikin. Ni kam har yanzu in katan na farko ya iso daga maɗaba'a sai na buɗe na shaƙi ƙamshin sabuwar takarda. Amma mai gidan haya ba ya karɓar son littafi, asibiti ma haka. In aka ɗauki ƙaunar da mutum yake yi wa aikinsa aka mayar da ita hujjar rage masa haƙƙi, an ci amanarsa, ko da mai yin hakan bai yi niyya ba.

Kada ku ce ban san yadda kasuwar take ba. Na san mai shagon littattafai da dillali suna ɗaukar kaso mai tsoka daga kuɗin da ke bayan bango, wani lokaci kusan rabi. Na san takarda ta yi tsada a duniya a 2021 da 2022, jigila ma ta yi. Na san akwai kason marubuci, akwai littattafan da ake dawo da su ba a sayar ba, akwai masu satar fasaha da ke buga namu su sayar da araha, akwai littattafai da yawa da ba sa mayar da kuɗin da aka kashe musu sai 'yan kaɗan su ɗauki nauyin saura. Duk na sani. Saboda haka ban zo in ce a ninka wa kowa albashi gobe ba. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi, kuma shi ne aka fi hana mu: a sa maganar albashi da ƙarin girma a rubuce, inda kowa zai gani.

Sana'armu ita ce mayar da magana rubutu. Ba ma yarda da marubuci sai da kwantiragi, ba ma yarda da maɗaba'a sai da takarda. Amma duk abin da ya shafi ma'aikacin gida da baki ake yinsa, a bayan ƙofa, mutum ɗaya-ɗaya. Babu mai iya gaya maka albashin edita daga nawa ya fara zuwa nawa ya tsaya. Ana gargaɗin sababbi kada su gaya wa kowa abin da suke karɓa. To, ai sirri irin wannan ba ya ɓoyuwa. Wata rana aka manta takardar biyan albashi a kan injin kwafi, wata abokiyar aikina ta ga wanda ta koya wa aiki da hannunta, wanda ta riga shi shigowa da shekara huɗu, ya fi ta ɗauka. Ba ta yi faɗa ba. Ta koma teburinta ta ci gaba da aiki, amma daga ranar ta daina kawo shawara a taro, ta daina tsayawa bayan an tashi. Mai yiwuwa akwai dalili mai kyau na bambancin. In akwai, me ya hana a faɗa? Inda babu ma'auni a fili, zato ne ke cika wurin: a ce wane ɗan gida ne, wance ta iya fadanci, wane don namiji ne. Zaton nan yana cin zumuncin ma'aikata fiye da ƙarancin kuɗin kansa.

Ba baƙon abu nake roƙo ba. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1949, ta ce a riƙa biyan albashi a kan kari, a kuma sanar da ma'aikaci sharuɗɗan albashinsa ta hanyar da zai fahimta kafin ya kama aiki. Ta 100, ta shekarar 1951, ta ce mace da namiji su karɓi lada ɗaya a kan aikin da darajarsa ɗaya. A Birtaniya, tun 2017 doka ta tilasta wa duk ma'aikatar da ke da mutum 250 zuwa sama ta bayyana tazarar da ke tsakanin albashin maza da na mata. A birnin New York, daga Nuwamban 2022, mai tallata gurbin aiki dole ya rubuta mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da zai biya. Tarayyar Turai ta amince da irin wannan doka a 2023. Ko doka ta tilasta muku ko ba ta tilasta ba, shafi ɗaya ya ishe ku: ga matakan aiki, ga abin da kowane mataki ke ɗauka daga ƙasa zuwa sama, ga watan da ake dubawa kowace shekara.

Kun kuma san abin da ke faruwa in aka bar maganar ta yi tsami. A Nuwamban 2022 ma'aikatan kamfanin buga littattafai na HarperCollins kimanin 250 a Amurka suka shiga yajin aiki, suka yi wata uku a cikin sanyin hunturu, suna neman a ɗaga albashin farawa daga dala 45,000 zuwa 50,000 a shekara. A Fabrairun 2023 aka sasanta a kan 47,500 nan take, ya kai 50,000 zuwa 2025. Editoci ne da masu zane da 'yan talla, mutane irinmu waɗanda aka san su da haƙuri da sanyin murya. Ba barazana nake yi ba, babu wanda ya yi maganar yaji a sashenmu. Na kawo misalin ne don ku ga cewa ko a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya, son littafi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka.

Akwai waɗanda ba sa cikin ofis balle su yi magana, wato masu yi mana aiki daga gida: masu fassara, masu zanen littattafan yara, masu duba kwafin gwaji da muke kira in aiki ya yi yawa. Mukan ba su mako biyu su gama, su gama a kwana goma, sannan su yi wata huɗu suna bin kuɗinsu. Ni ce nake kiransu in roƙe su su karɓi aikin, don haka ni suke kira in kuɗin bai zo ba, ni kuwa ba ni da abin faɗa sai "yana sashen kuɗi". Akwai wata mai fassara, gwanar gaske, da ta daina ɗaga wayata. Ban ga laifinta ba. Ku sa ranar biya a cikin takardar aikin kamar yadda kuke sa ranar miƙa aiki, ku kuma cika.

Sai maganar ci gaba, wadda ta fi damun matasanmu. Tsanin sashenmu matakai uku ne kacal, kuma na saman ba ya motsi sai wani ya yi ritaya ko ya rasu. Mai son wucewa dole ya bar gyaran rubutu ya koma shugabantar mutane da cike fom, ko da ba nan baiwarsa take ba. Ta haka muke rasa edita nagari mu sami shugaba maras daɗi a mutum ɗaya. Me zai hana a buɗe hanya ta biyu, inda gwanin aiki zai ci gaba da aikinsa, albashinsa da matsayinsa suna hawa gwargwadon ƙwarewarsa? Wani salon kuma da ya shigo shi ne ƙarin suna ba ƙarin kuɗi. In wani ya tafi sai a raba aikinsa ga biyun da suka rage, a ƙara wa ɗaya kalmar "babba" a gaban muƙaminsa, a ce masa kuɗin zai biyo baya in an yi kasafi. Na san wanda shekara biyu ke nan yana jiran kasafin.

Ni a hannun wata tsohuwar edita na koyi aiki, Allah Ya jiƙanta. Takan zaunar da ni kusa da ita da jan biro, ta ce in karanta jimla da ƙarfi, in na yi tuntuɓe ta ce to nan ciwon yake. Ita ta koya mini cewa gyara ba sake rubutawa ba ne, muryar marubuci ake bari a share mata hanya kawai. Wata shida na yi a gefenta kafin a ba ni littafi ni kaɗai. Yau sabon ma'aikaci ranar da ya zo ake ba shi kwamfuta da wa'adi. Ina so in yi musu abin da aka yi mini, amma littafi bakwai ne a teburina a lokaci guda, koyarwa kuma ba ta cikin abin da ake auna aikina da shi. Ku sa ta ciki. Ku ware sa'o'i a mako waɗanda babba zai zauna da ƙarami, a lissafa su a matsayin aiki. Haka kuma tarukan baje kolin littattafai, irin na Frankfurt a Jamus da ake yi duk Oktoba da na littattafan yara a Bologna ta Italiya: fuskoki ɗaya ne ke zuwa kowace shekara, su dawo ba tare da sun tara mu sun gaya mana abin da suka gani ba. Ko sau ɗaya a ɗauki matashin edita a tafi da shi, ya ga yadda ake cinikin haƙƙin fassara da idonsa.

Game da zaman ofis, zan faɗi alheri tukuna don kada in yi butulci. A 2020, lokacin kullen korona, ba ku sallami kowa ba alhali littattafai na jibge a sito. Ba mu manta ba, kuma shi ya sa da yawanmu muke nan har yau. Amma tun daga nan aiki ya bi mu gida bai koma ba. Saƙon WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a ce ana son gyara kafin safiya. Ranar hutu a kira ka a ce marubuci ya canza babi. Lokacin da makarantu ke shirin komawa, littattafan darasi su taso, mukan yi makonni muna tashi da dare, ba kuɗin ƙarin lokaci, ba hutun fansa. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1919 a kan sa'o'in aiki ce, takwas a rana, arba'in da takwas a mako. Faransa tun 2017 ta ba ma'aikata 'yancin kashe waya da imel bayan an tashi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gajiyar da aiki ke jawowa, wadda ke ƙone wa mutum zuciya har ya daina jin daɗin abin da yake yi, cikin kundinta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Kuma ko ta fuskar riba ce kawai, idon da ya yi sa'a goma sha biyu a kan shafi ba ya ganin kuskure, ya riga ya fara karanta abin da yake zato maimakon abin da ke rubuce.

In kuskuren ya fito kuwa, mun san kan wa zai sauka. A bara an buga littafi da sunan marubuci ba daidai ba a ƙashin bayan bango. Mutum biyar ne suka sa hannu a kan bangon, har da ni, har da ɗaya daga cikinku. Aka kira ƙaramar cikinmu aka yi mata tsawa a gaban kowa, aka ba ta takardar tuhuma. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka ba ta bangon ƙarfe biyar na yamma aka ce maɗaba'a na jira ƙarfe shida. Na je na ce a raba laifin da ni, aka ce maganar ta wuce. A 1631, a Landan, an buga Littafi Mai Tsarki da kalmar hani ta faɗi daga dokar da ta haramta zina, ma'anar ta koma akasinta. Masu maɗaba'ar, Robert Barker da Martin Lucas, su aka ci tarar fam 300, su aka ƙwace wa lasisi. Wanda sunansa ke kan kamfani, mai karɓar yabo ranar ƙaddamarwa, shi ya kamata ya fara tsayawa ranar da abu ya ɓaci. In ba haka ba sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma wurin da ake tozarta mai kuskure, mutane ba sa daina kuskure, ɓoye shi suke koya.

Mata ne suka fi yawa a sashenmu, amma ku dubi teburin da kuke zama ku ƙirga. Wadda ta tafi hutun haihuwa takan dawo ta tarar an ba wani manyan marubutanta, ba a kuma mayar mata. Ba wanda ya ce mata an rage mata matsayi, a aikace dai an rage. Wannan ma a rubuta: wadda ta tafi haihuwa za ta dawo kan aikinta yadda ta bar shi.

Mun ji ana shirin shigo da manhajojin ƙirƙirarriyar basira don gyaran rubutu. A bakin ƙofa muka ji, ba a taro ba. Ba ma gudun sabon kayan aiki, mun bar jan biro mun koma kwamfuta ba wanda ya mutu. Ku dai zauna da mu kafin ku saya, mu gwada a kan ainihin rubutun da muke gyarawa, ku kuma faɗa mana gaskiya in niyyar rage mutane ce.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko sisi. Wasu kamfanoni a Ingila sun fara ware shafi a ƙarshen littafi suna jera sunayen duk waɗanda suka yi aikinsa, daga edita har zuwa 'yan talla. Sau da yawa a namu littattafan akwai farin shafi da ke raguwa a ƙarshe. Ku bari mu sa sunayen a can. Matashin da zai nemi aiki gobe ya sami abin nunawa, uwarsa ma ta buɗe littafi ta ga sunan ɗanta.

Na rubuta daftarin matakan aiki da na albashi na sashenmu, shafi biyu, na bar guraben kuɗin babu komai don ku ne za ku cike. Yana wurin sakatariya tun ranar Litinin. Ina roƙon ku kira taro da wakilan kowane sashe, har da 'yan sito da direbobi, kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.

Yarinyar da aka ɗauka a gurbin mai tsara shafuka ta same ni shekaranjiya bayan an tashi. Ta ce, "Anti, in mutum ya riƙe aikin nan da kyau, shekara nawa yake yi kafin a ƙara masa girma, kuma me ake dubawa?" Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, ban iya ba ta amsa ba. Na ce mata zan tambaye ku. Ga shi na tambaya, kuma muna jiran amsarku a rubuce.

Taku cikin girmamawa,
Edita a sashen tace rubutu